A Daina Tallata Tiyatar Leza Kamar Maganin Kowace Cutar Ido

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin masu karatu kan tiyatar ido da leza, wadda ake yawan tallatawa da alƙawarin rabuwa da tabarau har abada.

Aikin gaskiya ne, kuma yana taimaka wa mutane da yawa. A nau'in LASIK, likita kan ɗiga maganin kashe zafi, ya ɗaga wata siririyar fata a gaban ido, hasken leza ya gyara lanƙwasar wurin, sannan a mayar da fatar. Mutum yana farke, cikin mintuna an gama. Yana gyara rashin ganin nesa ko na kusa.

Abin da ke damuna shi ne masu yanar ido ko hawan jinin ido da ke zaton shi ne mafitarsu. LASIK ba ya magance waɗannan, kuma jinkirta maganin hawan jinin ido na iya makantar da mutum. Ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba, ko mai juna biyu, ko wanda fatar gaban idonsa ba ta da kauri. Wasu kan yi fama da bushewar ido watanni, ko su riƙa ganin da'ira kewaye da fitilun mota da dare. Bayan shekara 40 kuwa, tabarau na karatu kan dawo.

Don Allah ku gayyato likitan ido ya yi wa jama'a bayani dalla-dalla a shafinku na lafiya.

Wassalam,
Mai karatunku