Godiya ga mai shagon kifin ado na wajen kasuwar Wadata

Assalamu alaikum Alhaji, tare da yaran shago baki ɗaya.

Godiyar da na yi maka baki da baki ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na kawo ta bainar jama'a, don mutanen Yamai masu sha'awar kiwon kifi da tsirrai a akwatin gilashi su san inda za su nufa.

Sha'awar ta shige ni ne daga hotunan aikin Takashi Amano, mutumin Japan ɗin nan da ya rasu a 2015, wanda yake jera duwatsu da itace da tsirrai a ƙarƙashin ruwa har mai kallo ya ɗauka gefen dutse ne da damina. Na zo maka da kuɗin komai a aljihu. Ka ba ni akwati mai lita 60, da mataci, da fitila, da tsirrai, amma ka hana ni kifi. Ka ce sai ruwan ya yi sati huɗu zuwa shida, domin kashin kifi yana zama amoniya, ita kuwa guba ce, kuma sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun zauna a cikin soson matacin kafin su riƙa mayar da ita nitrit, daga nan nitrat, wanda tsirrai ke sha a matsayin taki. Har ka matso min ruwan tsohon soso daga naka akwatin don nawa ya kama da wuri, ba ka karɓi ko dala ba. A wannan zamani, ɗan kasuwan da zai ga kuɗi a hannu ya ce a mayar aljihu sai an tona.

Yaronka ma ya cancanci yabo. Duwatsun da na tsinto, ɗaya bayan ɗaya ya ɗiga musu ruwan khal. Wanda ya yi kumfa ya ajiye gefe, ya ce farar ƙasa ce a jikinsa, za ta sauya ruwan. Sannan ya ɗauki wani tsiron ruwa mai suna anubiyas, ya nuna min ɗan kaurin karan nan da ganye da saiwa ke fitowa daga jikinsa, ya ce in aka binne shi a yashi ruɓewa zai yi. Ya kwantar da shi a kan itace, ya naɗe da baƙin zare a hankali, ba ya ja da ƙarfi. Yanzu zaren ya ɓace a cikin saiwoyi, sun riƙe itacen da kansu. Na ji daɗi da ya gaya min asalin wannan tsiro na Afirka ta Yamma ne, daga rafukan dazuzzukan Najeriya da Kamaru. Balisneriya mai dogon ganye muka dasa a baya, kainuwa kuma a sama tana yin inuwa.

Inda na fi ganin amfaninku shi ne da bazara ta shigo. Masu koyarwa a intanet galibi 'yan ƙasashen sanyi ne, maganarsu duk ta na'urar ɗumama ruwa ce. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, alhali yawancin waɗannan tsirrai da kifaye sun fi son tsakanin 24 da 28. Kai ka ce in ɗaga murfi in sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwa, in riƙa cike abin da ya ragu, da ruwan famfo da ya kwana a bokiti don kulorin ya fita. Ka sa na sayi ɗan injin iska mai batir saboda ɗaukewar wuta, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Da gansakuka ta fara rufe gilashi, hoto kawai na aiko maka ta WhatsApp, ka ce in mayar da fitila awa shida, in hana rana duka akwatin, in canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan kowane sati. Ta lafa.

Ban manta da gargaɗinka ba, cewa kada in zubar da rarar tsirrai a magudana ko a kogin Isa, ganin yadda baƙuwar ciyawa mai yawo a kan ruwa ta takura wa masunta da masu jiragen ruwa. Shanya su nake su bushe kafin in zubar.

Ƙananan kifayen nan gufi guda shida da ka zaɓa min daga baya suna nan lafiya, har sun haihu. Roƙona guda: ka ware wata Asabar ka tara masu farawa ka nuna musu abin da ka nuna min. Zan zo da ɗana da abokansa.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a cikin neman, ya raya zuri'a.

Naka,
Wani malamin makaranta daga unguwar Yantala, Yamai