Binciken Shaƙuwar Dabbobi Ba Aikin Banza Ba Ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in kare wani fannin ilimi da jama'armu ke yi wa kallon wasa. 'Yar ƙanena ta kammala karatun likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta ce za ta zarce digiri na biyu a kan yadda tunkiya take shaƙuwa da ɗanta. Da ta faɗi haka a gida dariya aka kwashe da ita, har gwaggonta ta ce, "Ke 'yar nan, duk wahalar nan ki ƙare a kallon tumaki?"

Ni a gidan kiwo na tashi, shi ya sa ban yi dariyar ba. Tunkiya na haihuwa za ta duƙufa lasar ɗanta tana shinshinarsa, kuma cikin 'yan sa'o'i ta riƙe warinsa, duk baƙon ɗan da ya kusanci hantsarta sai ta tunkuɗe shi. Idan uwa ta mutu, mahaifinmu yakan shafe marayan da ruwan haihuwar wata tunkiyar da ta haihu a ranar, sau da yawa kuma ta karɓe shi. Ya san dabarar, amma bai san sirrinta ba.

Sirrin shi ne masana suka ƙarar da shekaru suna tonowa. A 1987, Keith Kendrick da Barry Keverne a Ingila sun nuna cewa idan aka saka sinadarin oksitosin a ƙwaƙwalwar tunkiyar da ba ta haihu ba, sai ta fara nuna halin uwa. Wannan sinadari ne dai ake yi wa mata allurarsa a asibiti domin tsayar da zubar jini bayan haihuwa. A Amurka kuma, Sue Carter da Thomas Insel da Larry Young, wanda ya mutu a 2024, sun yi suna da nazarin wani ɗan ɓeran daji da namijinsa yake manne wa mace guda.

Tumakin Turai da ɓerayen Amurka ke nan, alhali ga uda da balami da jar akuyar Sakkwato a gabanmu, kuma kowane ɗan da uwarsa ta ƙi asara ce ga makiyayi. Ina kira ga jami'o'inmu da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund su tallafa wa ɗaliban da suka zaɓi wannan hanya, domin tana da tsawo, albashinta kuma ba ya sa mutum ya yi gini. Yarinyar dai tuni ta fara zuwa kasuwar Kara da littafinta tana tambayar makiyaya.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
Mabera, Sakkwato.