A Daina Sayar Da Digon Ido Mai Sitiroyid Ba Takardar Likita

Edita, assalamu alaikum. Bara idon mahaifiyata ya yi ja, yana kwantsa. Mai kemis ya ba mu digon da ya haɗa tobramycin, mai kashe ƙwayar bakteriya, da dexamethasone, wanda sitiroyid ne, wato maganin rage kumburi. Cikin kwana 3 jan ya tafi, Inna ta maida shi tamkar kwalli, wata 4 tana ɗigawa. Da ganinta ya fara dusashewa, likitan ido ya auna ya ce hawan jinin ido ne, sitiroyid ɗin ya jawo.

Maganin yana da amfani idan ƙwayar bakteriya ce da kumburi, amma likita ke duba ido ya yanke kwanakin. A gyambon baƙin ido kuwa, yana iya ƙara ta'azzara shi.

Ina roƙon NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna su sa ido a kan kemis-kemis.

Mai karatunku, daga Zariya.