Wasiƙa Zuwa ga Aminina a Kan Wasiyyar Mama

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku sannu da jinya, kai da uwargida da yara. Saƙonka ya iso, na kuma ga irin nauyin da ke kanku tun da likitoci suka ce jikin Mama ya yi nisa. Ka ce ta bar wasiyya a ƙona gawarta, a kuma bar mata zoben aurenta da sarƙar gicciyen da ba ta rabuwa da ita, sa'an nan ka tambaye ni ko wutar za ta taɓa ruhunta, da kuma yadda za ku yi da maganar Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi da Kirista ke karɓa a sujada. Zan fara da tambayar ƙarshe, domin ita ce ba ta jira.

Muddin Mama tana cikin hayyacinta kuma tana iya haɗiye abu, ku kira fada, wato limamin Katolika, tun yau. Tun da ita 'yar Katolika ce, Jibin Ubangiji na ƙarshe shi ne guzurinta, kuma ikilisiya ta daɗe tana ɗaukar wannan da muhimmanci, har taron shugabannin ikilisiya da aka yi a birnin Nikiya a shekarar 325 ya kafa doka cewa kada a hana wanda ke bakin mutuwa wannan guzuri. Idan maƙogwaronta ya gaza, fada yana iya ba ta ɗan gutsuren gurasar wanda bai kai ƙwayar hatsi ba, ko ɗigon ruwan inabin kaɗai, kuma a koyarwarsu ta karɓa cikakke ke nan. Amma da zarar numfashi ya ɗauke, ƙofar ta rufe. A ƙarnukan farko an sami masu sa gurasar a bakin gawa saboda ƙauna da fargaba, sai majalisun ikilisiya suka hana, ciki har da wadda ta zauna a Kwanstantinoful a 692, bisa hujjar cewa Yesu ya ce a karɓa a ci, gawa kuwa ba ta karɓa, ba ta ci. Don haka babu wani abu na Jibin Ubangiji da ake sakawa a akwatin gawa.

Na san mu da muka taso a majami'un Furotesta muna kallon teburin nan da wani ido daban. Katolika sun gaskata cewa gurasar da ruwan inabin suna zama ainihin jiki da jinin Almasihu, ko da yake kamanninsu da ɗanɗanonsu ba sa sauyawa, kuma taron shugabanninsu a birnin Tarent ya jaddada haka a 1551. A cikin jagororin Furotesta na farko, Luta ya riƙe cewa Almasihu yana nan da gaske cikin gurasar, Zwingli kuwa ya ce tunawa ce, kuma da suka haɗu a Marburg a 1529 sun daidaita a kan batutuwa 14 cikin 15, wannan ɗaya ne ya raba su. Ina faɗa maka wannan ne don kada ranka ya ɓaci idan fada ya ba Mama da uwargida bai miƙo maka ba, domin ƙa'idarsu ce, ba raini ba ne. Ka tsaya kusa da gadon, ka riƙe hannunta, ka yi addu'a tare da su. Abin da ke ba ta ƙarfin zuciya a wannan sa'a shi ne alkawarin da ke cikin Yohanna 6:54, cewa mai cin jikinsa da shan jininsa yana da rai madawwami, kuma zai tashe shi a ranar ƙarshe.

Wannan alkawari ne ya kawo mu ga maganar ruhu. Yawancin Kirista sun yarda cewa a lokacin mutuwa ruhu yana rabuwa da jiki ya koma ga Allah wanda ya ba da shi, kamar yadda Yesu ya ce wa ɓarawon da aka gicciye kusa da shi a ranar zai kasance tare da shi a Firdausi. Katolika suna ƙara koyarwar tsarkakewa bayan mutuwa, shi ya sa suke yi wa mamata addu'a, Furotesta ba su karɓi wannan ba, wasu kuma kamar 'yan Adventist suna cewa mamaci barci yake yi har ranar tashi. Duk da wannan saɓani, babu ko ɗaya daga cikinsu da ke koyar da cewa wuta tana kai wa ga ruhu, ko tana iya hana Allah ta da jiki. A shekarar 177 aka kashe Kirista a birnin Liyon na Faransa ta yau, aka ƙona gawarwakinsu, aka watsa tokar a kogin Ron da niyyar karya begensu na tashin matattu, amma ikilisiya ba ta taɓa shakkar cewa waɗannan shahidai za su tashi ba.

Duk da haka binnewa ce al'adar Kirista tun asali, domin an binne Almasihu, kuma ana ganin jiki haikali ne da ya cancanci girmamawa. Ikilisiyar Katolika ta hana ƙona gawa a 1886, ta sassauta a 1963, dokarta ta 1983 kuma ta ce binnewa ta fi, amma ƙonawa ba haram ba ce sai idan an zaɓe ta don musun bangaskiya. Ikilisiyoyin Otodoks har yanzu ba su yarda da ita ba. Saboda haka wasiyyar Mama ba ta fitar da ita daga addininta ba, kuma za a yi mata sujadar jana'iza cikakkiya.

Game da zoben, ina so ku san abin da ke faruwa kafin ku yanke shawara. Zafin ɗakin ƙonawa yakan kai digiri 760 zuwa 980 a ma'aunin Salsiyos, har na kusan awa biyu ko uku. Tsantsar zinariya tana narkewa ne a digiri 1064, amma zoben aure yawanci gauraye yake da jan ƙarfe ko azurfa, don haka yakan lanƙwashe, ya yi baƙi, ko ya narke ya dunƙule da wasu ƙarafan akwatin. Duwatsun ado suna tsagewa, lu'ulu'u ma yana iya ƙonewa. Bayan an gama, ma'aikata suna tsince ƙarafa da maganaɗisu da kuma hannu kafin a niƙa ƙasusuwan su zama tokar da ake ba iyali, ƙarafan kuma galibi ana kai su wurin sake narkarwa. Ma'ana, zoben ba zai dawo hannunku ba, kuma da wuya ya kasance cikin tokarta yadda take zato. A wurare da yawa ba a sake buɗe akwatin idan ya isa gidan ƙonawa, saboda haka duk abin da za a cire sai a cire shi tun a wurin masu shirya gawa, kuma ku sa su rubuta. Idan tana da na'urar daidaita bugun zuciya ku gaya musu, domin batirinta yana fashewa a wuta.

Ra'ayina shi ne ku gaya wa Mama wannan gaskiya cikin taushin murya tun tana ji. Wataƙila abin da take nufi shi ne kada a raba ta da alamar aurenta da ta bangaskiyarta, kuma wannan yana da hanya: ta sa su har zuwa ƙarshen sujada, a cire, daga baya a ajiye su cikin tukunyar tokar, ko a ba jikarta zoben. Idan bayan ta ji duka ta ce a bar su, ku bar su, babu zunubi a ciki, kuma ba zai ƙara wa ruhunta komai ba balle ya rage.

Abu ɗaya ne zan roƙi ka tattauna da uwargida a kai cikin hikima, wato sarƙar da take son a yi mata da ɗan tokar Mama a ciki. Umarnin da Batikan, fadar Fafaroma, ta fitar a 2016 ya ce a ajiye toka a wuri mai tsarki kamar maƙabarta, kada a watsa ta, kada kuma a mayar da ita kayan ado. A 2023 an ba da dama iyali su nemi izinin ajiye ɗan kaɗan a wurin da ke da alaƙa da rayuwar mamacin, amma wannan bai shafi abin wuya ba. Ni ma dalilin ya gamsar da ni, domin sarƙa tana tsinkewa, tana ɓacewa, tana faɗawa hannun magadan da ba su san darajarta ba. Idan kewa ce ke damunta, sarƙar gicciyen Mama ta ishe ta ratayawa.

Ka gaishe mini da Mama idan ta farka, ka ce mata muna yi mata addu'a. Ka sanar da ni da zarar fada ya zo, ka kuma gaishe da uwargida da yara. Allah ya ba ku ƙarfin jinya, ya kawo mata sauƙi.

Naka amini har kullum.