Saƙonka ya iso, har ta fara aiki

Tudun Wada, Kaduna.

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin ƙasar mutane? Mu nan hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, kowa leɓe a fashe. Mutanen gida duk lafiya lau. Hajiya ta ce in faɗa maka ta gaji da gaisuwar waya, ido take son gani.

Kwamfutar da ka aiko ta iso mako uku ke nan. Wanda ka ba saƙon ya sauka Abuja, ya biyo jirgin ƙasa, ni kuma na tarye shi a tashar Rigasa. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na jinkirta rubuto maka ne don ina so labarin da zan ba ka ya zama na cewa ta tashi tana aiki.

Ka ce in wani abu ya shige mini duhu in kira lambar kamfanin da ke jikin takardar garanti. To, na kira. Na sha kiɗa a kunne har katina ya kusa ƙarewa, sannan wata baiwar Allah ta ɗauka, ta yi mini bayani cikin ladabi cewa garantin na ƙasar da aka saye ta ne, in ta lalace sai dai in mayar da ita can. Na yi godiya na kashe wayar. Na ninke takardar na sa a ƙasan akwati, na ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ban yi gaggawar jona ta ba. Wutarku ta Amurka 120 ce, tamu 230, kuma ka tuna yadda rediyon baffanka ya yi hayaƙi a gabanmu muna yara. Na juya bayanta na karanta rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ke shiga, na ga an sa 100 zuwa 240, wato tana karɓar kowacce. Tsofaffin kwamfutoci suna da wani ɗan jan maɓalli a wurin, sai ka tura shi daga 115 zuwa 230 da hannunka, in ka manta kuwa ka yi asara. Wannan ba ta da shi. Kan fulogin ne kawai bai dace da soket ɗinmu ba, sai na shiga Kasuwar Sheikh Gumi na sayo sabuwar waya mai ƙafa uku irin ta Ingila. Ban yarda da adafta ba, don sako-sako take zama, tana tartsatsi.

A kasuwar na haɗo da sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta da UPS, wato akwatin batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, kuma in gaya maka gaskiya, su ne suka fi cin aljihuna. Amma babu makawa. Kwamfutar tebur ba ta da batir kamar ta hannu, ana ɗauke wuta za ta mutu nan take, in kuma tana tsakiyar sabunta kanta ne, tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. UPS ɗin yana ba ni kamar minti goma, ya ishe ni in adana aikina in kashe ta cikin mutunci, ko babban yarona ya tada janareta.

Da na kunna ta, Windows 11 ta nemi intanet da asusun Microsoft kafin ta buɗe. Na raba mata data daga wayata. Da na ga yadda take zuƙa wajen sabuntawa, sai na bari har tsakar dare lokacin da data ke araha, na zauna da shayi ina gadinta. Da ta gama na shiga saitin sadarwa na nuna mata cewa datar nan a ƙidaye take, don ta rage sauke manyan kaya ba da sanina ba.

Abu biyu na yi a daren nan waɗanda na fi jin daɗinsu. Na farko, na sa fulash mai giga 32 na haɗa abin farfaɗo da Windows a ciki, in ta ƙi tashi wata rana da shi zan tada ta. Na biyu, na gano ta kulle ma'ajiyarta da kanta, kuma mabuɗin kullen lambobi ne guda 48 da ke cikin asusun nan na Microsoft. Idan mai gyara ya canza wani babban abu a cikinta, tana iya neman lambobin, in babu su kuwa duk abin da ke ciki ya tafi, babu gwanin da zai buɗe maka. Na kwafe su da biro, na duba sau uku, na ajiye tare da takardun gida.

Sauran tarkacen da kamfani ya cusa, wasanni da manhajar rigakafin cutar kwamfuta ta gwaji mai neman kuɗi bayan wata guda, duk na goge. Windows tana da nata mai gadin a ciki, ya wadatar. Wani yaro a kasuwa ya ce in kawo ta ya zuba mini komai da komai a kuɗi kaɗan. Na san irin zubin, manhajojin sata ne, kuma sau da yawa da cuta suke zuwa. Na sauke LibreOffice, kyauta ce ta halal, tana buɗe takardun Word da Excel da nake aiki da su.

Yanzu ga wanda zai ba ka dariya. Kwana biyu ina rubuta Hausa babu ƙugiya, kamar yadda kake yi mini a WhatsApp, inda ƙasa da kasa duk ɗaya ne a wurinka. Ashe madannan Hausa suna nan cikin Windows, ƙara su kawai ake yi a saitin harshe. Ka riƙe Alt na hannun dama ka danna k, sai ga ƙ. Haka ɓ da ɗ. Ka ga shaida a wasiƙar nan, saboda haka ba ka da sauran uzuri. Agogonta ma na dawo da shi lokacin Najeriya, don da lokacinku ta zo. Firinta kuma ta yi ta yanke mini ƙasan shafi har na fara zarginta, ashe girman takardar Amurka aka saita, mu kuwa A4 muke amfani da ita.

Yara na buɗe musu nasu ɓangaren daban, wanda ba za su iya girka komai ba sai da kalmar sirrina. Auta ya yi fushi na yini guda. Uwargida ta ɗinka mata riga da ragowar atamfa saboda ƙura, da sharaɗin ba a rufe ta tana kunne, kada zafi ya taru. Duk Juma'a bayan masallaci nakan kwafe takarduna zuwa wata ma'ajiya ta daban in cire ta in sa a durowa.

Tsohuwar tawa ma ban yar ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma ba ta da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta da Windows 11 ke nema. Na sa mata Linux Mint, wata manhaja da ke maye gurbin Windows, ta dawo da kuzari kamar an yi mata wankan jego, yanzu ƙanwata ke buga aikin makaranta da ita.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. In za ka zo da sallah ka sanar da ni da wuri, kuma kada ka wahalar da kanka da wata tsaraba, sai dai in ka samu linzamin kwamfuta marar waya mai kyau, don auta ya riga ya fara jan wayar wannan.

Naka har kullum,
abokinka na Tudun Wada.