A Ba Tsohon Wardin Nan Mara Ƙaya Haƙƙinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani tsohon irin furen wardi mai suna Zéphirine Drouhin, wanda wani manomin furanni Bafaranshe da ake kira Bizot ya fitar a shekarar 1868, kuma har yau masu lambu ba su daina dasa shi ba. Yana cikin dangin wardin Bourbon, waɗanda asalinsu tsibirin Riyuniyon ne da ke Tekun Indiya. Furensa ruwan hoda ne mai cizawa, ƙamshinsa kuwa tun daga nesa yake tarbar mutum, sannan kusan ba shi da ƙaya ko kaɗan, shi ya sa ake iya dasa shi a bakin ƙofa ba tare da ya kama rigar mai wucewa ba. Yakan kai mita 3 zuwa 4, kuma yana jure inuwa fiye da yawancin 'yan'uwansa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kuskuren da ni kaina na yi. Ana cewa wardi ne mai hawa, alhali ba shi da abin da zai damƙi bango da shi, sai an ɗaure shi. Na bar rassansa suka miƙe sama ɗoɗar, sai furen ya taru can a ƙoli, ƙasa kuma sanduna kawai. Da na sunkuyar da manyan rassan tun suna da taushi, na kwantar da su a gicciye na ɗaure a jikin waya, sai idanun da ke tsawon kowane reshe suka fashe, kowanne ya fito da tohon da ke ɗauke da fure.

Yana da aibinsa, ba zan ɓoye ba. Fumfuna mai kama da garin da aka barbaɗa tana yawan kama ganyensa, haka ma cutar baƙaƙen ɗigo, musamman idan an matse shi a jikin bango inda iska ba ta ratsawa kuma ƙasa ta bushe. A ja shi da bangon kamar santimita 45, a zuba ruɓaɓɓen taki a gindinsa, a riƙa ban ruwa a ƙasa kada a jiƙa ganye, a kuma kwashe duk ganyen da ya zube. Wanda ya ga furen ya yanƙwane ya yanke shi da wuri, domin hakan ne ke sa ya sake fitar da wani kafin lokacinsa ya wuce.

Na gode.

Naka,
Wani mai sha'awar lambu