Ummu Kulsum ma 'yar liman ce

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina gaishe ka tare da ma'aikatanka baki ɗaya. Ni tela ne, almakashi na saba riƙewa, amma wata magana da na karanta a shafinku kwanakin baya ta sa na ɗauki alƙalami. Marubucin ya ce duk macen da aka gani tana waƙa a fim, a binciki gidansu, ba za a tarar da allo ba. Na ajiye jaridar a kan keken ɗinki, sai mahaifina ya faɗo mini a rai.

Malam, Allah ya jiƙansa, almajirai yake karantarwa a zaurenmu a nan unguwar Birni ta Damagaram. Bai taɓa taka ƙofar silima ba, yayyena mata kuwa ko hanyar ba su isa su bi ba. Amma ranar Alhamis ta farkon kowane wata, in an idar da isha'i, sai ya sallami almajirai, ya aike ni in sayo batir, ya zauna yana murɗa akwatin rediyo har ya kamo Alƙahira. Ummu Kulsum, mawaƙiyar Masar, yake jira. Waƙa ɗaya sai ta kusa cin awa guda, tana maimaita baiti ɗaya, kowane maimaici da irin karyawarsa, masu sauraro suna ta kabbara da tafi. Ni dai barci ke kwashe ni. Shi kuwa sai ya taɓa ni ya ce, "Kai, saurari yadda take fitar da ainun da ƙaf. Wannan bakin ya sha tajwidi."

Ashe gaskiyarsa. Sai da na girma na san cewa a wani ƙauye na Masar mai suna Tamay Zahayra aka haife ta, kuma mahaifinta, Shehu Ibrahim, shi ne limamin ƙauyen. Yakan yi waƙen yabon Annabi a wajen maulidi da biki don ya samu na cefane. Ɗansa Halidu yake koya wa, ita tana gefe tana ɗauka, har ta fi wanda ake koya wa. Da uban ya ji muryarta sai ya riƙa tafiya da ita, amma yana sa mata kayan maza don gudun bakin mutane. Ka ga bakin mutane ba yau ya fara ba, ba kuma a Damagaram kaɗai yake ba.

Ta koma Alƙahira, kuma da aka buɗe gidan rediyon Masar a 1934 tana cikin waɗanda aka fara ji. Fim shida ta yi, daga Widad a 1936 zuwa Fatima a 1947, kuma duka da muryarta ta rera, ba wata ce a ɓoye take yi mata tana motsa baki ba, kamar yadda yaranmu na yanzu ke yi. Daga nan ta bar fim ta riƙe waƙa. A cikin abin da ta rera har da ƙasidun yabon Manzon Allah na Ahmad Shauƙi, marubucin waƙoƙi na Masar, waɗanda Malam ya haddace wasu baitocinsu daga bakinta. Bayan yaƙin Masar da Isra'ila na 1967 ta yi ta yawo ƙasa-ƙasa, har birnin Faris na Faransa, tana waƙa tana miƙa kuɗin ga ƙasarta. Tauraruwar Gabas suke ce mata.

Kada a ɗauka ina wanke duk abin da ke cikin finafinan yau. Jikokina na kallon wasu a waya, in na leƙa sai in kau da kai. Amma a zagi aikin banza da sunansa, a bar iyayen mutane. Irin wannan kuɗin goro muka yi wa tamu ta Nijar, Zalika Souley, wadda ta fito a finafinan Mustafa Alasan da Umaru Ganda tun shekarun 1960. An kasa bambanta ta da matan da take kwaikwaya, aka yi ta jifanta da magana, har ta rasu a 2021 yara da yawa ba su ma san sunanta ba.

Ranar 3 ga Fabrairun 1975 Ummu Kulsum ta rasu. Jama'ar Alƙahira suka cika tituna, suka karɓe makarar daga hannun masu ɗauka, suna miƙa wa juna ita na tsawon awanni. Ina zaune ina wanke allo lokacin da rediyo ta faɗa. Malam ya yi shiru, ya ajiye alƙalaminsa a bakin tawada, ya ce, "Allah ya jiƙan 'yar malam." Almajirai suka amsa da amin, ba su ma san wadda ake nufi ba.

Ina roƙon ka buga wannan, ko marubucin naku zai gani.

Naka,
wani tela daga unguwar Birni, Damagaram.